Ƴan Tsakin da Inna Ta Bari

Inna ta rasu a farkon damina, gero bai ko kai gwiwa ba. A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni, hutu kuma ya kama, sai na zauna a ƙauyenmu na kusa da Tajaye don kada Baba ya rage shi kaɗai. Ta bar kaza guda, wake-wake, tana kwanci a ƙarƙashin rumbu. Kwana huɗu bayan jana'iza kazar ta ƙyanƙyashe ƴan tsaki tara.

Ban iya kiwon kaji ba. Ina dai watsa musu ɓarzajjen gero, in zuba ruwa a kasko. Da aka yi sadakar bakwai masu gaisuwa suka watse, Baba ya koma zama kan buzu a ƙofar ɗakin Inna. In na kawo fura sai ya kurɓa sau biyu ya ture ƙwaryar. Magana kuwa sai amsa sallama.

Wata Laraba da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, ya cika akurki. Bayan kwana biyu kazar ta mutu. Ƴan tsakin suka fara sauke fukafukai, suna rufe ido a tsaye, farin kashi ya manne musu a baya. Na kira Gwaggo, ƙanwar Baba, ta bayan danga. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannunta.

"Sanyi ya kama su, ɗiyata," ta ce. "Jiƙa musu ɓawon maɗaci, ki sa ɗan barkono. Haka uwakki ka yi."

Na jiƙa. Na sa su a kwando da tsohon zanen Inna, na ajiye kusa da murhu. Ina goge musu baya da ruwan ɗumi, ina buɗe bakin kowanne da farce ina ɗiga jiƙon. Duk da haka kafin Lahadi uku sun tafi.

Na huɗun ya faɗi a gabana, ƙafafu a miƙe. Ina tsugune ban san abin yi ba, sai na ga inuwar Baba a kaina. Mutumin da bai taɓa kula da kaza ba, ya durƙusa, ya kife ƙwarya kan ɗan tsakon, ya shiga kaɗa bayanta da yatsu a hankali. Ya ɗaga. Ɗan tsakon ya motsa kai, ya yi ƙara siririya.

"Haka nig ga tana yi," ya ce, bai dube ni ba.

Ɗan tsakon bai kai magariba ba ya mutu, amma daga ranar Baba ya jawo buzunsa kusa da murhu.

Ranar kasuwar Illela na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na je wurin likitan dabbobi. Ya saurare ni, ya ba ni garin magani a leda, ya ce in raba masu ci da waɗanda suka daina. Ya ce waɗannan na biyun kada in sa rai. Da na dawo na tarar da Baba a bayan rumbu da hauya, yana mai da ƙasa. Biyu ya binne, kusa da juna. Gwaggo ta ce masa ai mushen tsako juji ake kai shi. Ya ce mata ta bar shi.

Na shiga ɗakin Inna na zauna bakin gadonta, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ba wanda ya shigo ya ba ni haƙuri, kuma na gode musu da hakan.

Cikin ukun da suka rage, ɗaya ya bi sauran. Biyu suka tashi, ramammu, gashi tsiri-tsiri. Da komawa lakwal ta ƙarato na ce zan tafi da su Ƙonni in rage masa wahala.

"Bar mini su nan," ya ce. "Gwada mini awon maganin ga dai, idona ba su gani sosai."

Na samo murfin kwalba na nuna masa: murfi ɗaya a kasko ɗaya. Ya gwada sau uku, garin yana zubewa ƙasa. Mai kabu-kabu yana jira a ƙofar gida, ni kuwa na tsaya har ya auna daidai, sannan na ɗauki jakata.