Wuƙar Burushuto

Duk wanda ya ce zai yi kilishi a Abidjan, da iska zai yi faɗa kafin ya yi da nama. Can wajen Madawa, inda aka haifi Baba, sai ka shanya nama da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙayau. A unguwarmu ta Biafra kuwa, cikin Treichville, ga lagun, wato tafkin ruwan gishiri, a gefe, ga teku a bayanta, iskar kanta a jiƙe take kamar tsumman wanke-wanke. In yankan ya yi kauri ko yaya, ba zai bushe ba, sai ya kwana ya tashi da wari a zubar. Shi ya sa masu tsire da balangu suka cika gari amma masu kilishi ba su da yawa. Baba na cikinsu, kuma ba don ubana ne ba, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Rabin sirrin yana hannunsa, rabin yana cikin wata wuƙa. Doguwa ce, ta kusa kai kamu, siririya kamar ganyen rake, bakinta a zagaye ba tsini. In ka danna ta a kan katako sai ta lanƙwashe, ka sake ta ta miƙe sak kamar ba a taɓa ta ba. Ƙotarta baƙin itace ne da ƙusoshi masu ruwan tagulla. Iskar nan mai gishiri da ke cinye mana kwanon rufi da makullin ƙofa, ba ta taɓa sa mata ɗigon tsatsa ba. Na girma ina ganinta kullum, amma har na yi aure na haihu, in Baba ya zaro ta daga kubenta sai na tsaya da abin da nake yi.

Yadda yake aiki da ita ne ke tsayar da mutum. Zai ɗora tsokar cinyar sa a kan katako, ya kwantar da tafin hagunsa a kai, wuƙar ta shige ƙarƙashin tafin a kwance. Ba ya dannawa, ba ya gurzawa. Ja ɗaya daga gindi zuwa baki, sai ya mirgina tsokar, ya sake ja. Naman sai ya riƙa warwarewa kamar rawani, falle ɗaya, ba huda ba tsinkewa, har dunƙulen da bai fi kan jariri ba ya rufe rabin tabarmar shanya. Ba ka jin ƙarar komai sai wani ɗan sauti kamar ana yage alharini. Masu wucewa zuwa tashar jirgin ruwa sukan leƙo cikin kur ɗinmu, wato tsakar gidan hayar da muke zaune mu da yawa, su yi tsaye har su makara.

Labarin yadda ta zo hannunsa kuwa mun ji shi har mun haddace. Yana saurayi yakan kai nama cikin jiragen da ke tsayawa a tasha. A ɗaya daga ciki akwai wani kuku mutumin Italiya, gajere mai ƙaton ciki, Faransancinsa bai fi na Baba ba, na Baba kuwa a lokacin bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Wata rana Baba ya ba shi kilishi ya ɗanɗana. Mutumin ya tauna, ya rufe ido, ya sumbaci yatsunsa, daga nan suka ƙulle. Duk zuwan jirgin sai sun zauna a bayan kicin suna hira da hannu. Har ya taɓa naɗe tawul a hannun hagu, ya ɗauki ƙaramar wuƙa a dama, ya nuna wa Baba yadda tsofaffin ƙauyensu ke wasan wuƙa, ana zagaya juna da taku kamar rawa. Baba ya ce bai taɓa ganin ƙato ya yi sauƙin jiki haka ba, shi ma ya tashi ya kwaikwayi 'yan tauri, suka yi ta dariya. A zuwansa na ƙarshe, kukun ya ɗauko doguwar wuƙar ya ɗora a tafin Baba, yana buga ta da yatsa yana maimaita wata kalma. Abin da kunnen Baba ya kama shi ne Burushuto.

A wajenmu, in mutum ya ba ka ƙarfe mai kyau ya ambaci suna, sunan maƙerin yake faɗa maka. Baba bai yi wata-wata ba. Tun daga ranar wuƙar ta zama ta Burushuto, Burushuto kuma ya zama kamar wani kawunmu da ba mu taɓa gani ba. Baba ya ƙera masa kamanni da kansa: tsoho ne, mai haƙuri, ba ya gaggawa, kuma ba shakka ubansa ma maƙeri ne. In an idar da salla yana jero iyaye da malamai, sai ka ji a ƙarshe ya ce Allah ya shiryi Burushuto, ya yi wa hannunsa albarka. Mu kuma mu ce amin da zuciya ɗaya.

Da tsufa ya zo, ta ido ya fara kama shi. Yanar ido ta rufe na dama, na hagun ma ya soma hazo. An kai shi asibiti an ce sai aiki, ya ce ba mai sa masa ƙarfe a ido, shi da ya san abin da ƙarfe ke yi. Ya daina gane fuska sai murya. Amma kilishinsa bai canja ba, don wannan wuƙar ba ta buƙatar ido. Tana lanƙwasa ta bi tafinsa, tafin ya faɗa masa kaurin da ya rage. Duk gidan mun san cewa ita kaɗai ta rage tsakaninsa da zaman tabarma, shi ma ya sani, ba dai mai faɗa.

Ana haka ɗan maƙwabcinmu ya dawo hutu daga Turai. Yaron kirki ne, tare muka yi makarantar allo, ya yi shekaru yana aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Italiya. Ya shigo gaida Baba da yamma, kur cike da mata masu girki da masu jiran kilishi. Yana ganin wuƙar ya durƙusa. Ya roƙa a ba shi ya riƙe, ya ɗaga ta, ya lanƙwasa, ya yi ta girgiza kai. Ya ce irin wannan tsohuwar ƙira yanzu sai wajen manyan kuku, shi kansa mai gidansa ba ya bari ya taɓa tasa. Baba ya ji daɗi har kunnensa, ya tambaye shi ko a can ya taɓa jin labarin maƙerin, Burushuto.

Yaron ya maimaita kalmar yadda masu ita ke faɗa, ya yi dariya ba da mugunta ba.

"Tonton, ai ba mutum ba ne. Jambon ke nan da yarensu. Wannan kuto, wuƙar nan, ta yankan jambon ce, shi ya sa take fitar da shi siriri haka."

A Abidjan ko jaririn goye ya san jambon cinyar alade ce. Wata mata da ta riga ta kai loma baki ta juya ta tofar. Yaron ya duba fuskokinmu, sai a lokacin ya gane abin da bakinsa ya yi, ya shiga ba da haƙuri da Faransanci da Hausa da Julanci. Baba ya miƙa hannu aka ba shi wuƙar, ya goge ta, ya mayar kube, ya shige ɗaki.

Kafin magariba maganar ta zaga Biafra, kashegari na tarar da ita a kasuwar Adjamé, a layin masu atamfa inda nake da rumfa, har ta yi 'ya'ya. Wai da man alade Baba ke wasa wuƙarsa. Na yi faɗa ranar har muryata ta dushe, don ni ba a taɓa ubana in yi shiru. Limamin masallacinmu kuwa bai ja zancen ba. Ya ce ƙarfe ne, ruwa ya tsarkake shi tun wankin farko, balle wuƙar da ta sha wanki shekara da shekaru. Ya faɗa a gaban jama'a, ya aiko a saya masa kilishi. Mutane suka fara dawowa.

Baba ne bai dawo ba. Na same shi da maganar liman, ya ce ya ji, kuma bai musa ba. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya faɗi abin da ke cinsa.

"Ɗiyata, ba ƙazanta ad damuwata ba. Tun ba a haihe ki ba nike ɗaga hannu gaban Ubangiji ina yi ma alade addu'a. Da wace huska za ni kama ta?"

Dariya ta taso mini, hawaye suka riga ta. Yaran kur sun riga sun mayar da abin waƙa, in sun gan shi sai su yi ta rera amin a bayan bango.

Ya ce in raka shi Adjamé ya nemi wata wuƙar. Muka hau woro-woro, tasin haɗaka, muka haye gada, na riƙe hannunsa muna kauce wa masu tura kaya, har layin masu kayan kicin. Wuƙaƙe ne tuli a kan tebur da cikin kwali, masu sheƙi, da yawa an rubuta musu sunan Italiya a jiki, mai kayan yana rantsuwa daga can suka zo. Baba ba ya ganin rubutu, saboda haka ba a cuce shi da rubutu ba. Sai ya ɗauka, ya ƙyasta da farce ya kai kunne, ya gwada lanƙwasawa, ya ajiye. Mun gama layin kaf muka koma wajen maƙeran da ke yi da ƙarfen mota. A ƙarshe ya zaɓi guda biyu, ba don sun yi masa ba.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Waɗannan wuƙaƙen a sandare suke, sai ido ya yi musu jagora, idon kuma babu. Yankan ya riƙa fitowa wani wuri kauri, wani wuri huda. Damina ta sauka, naman ya ƙi bushewa, Inna ta riƙa fita da shi a ɓoye tana zubarwa. Ya yanke a babban yatsa, ya warke, ya sake yankewa a tafi. Mutumin da ban taɓa gani da tsumma a hannu ba. Daga baya ya rage yawan naman da yake sarowa, sannan ya fara cewa yau jikinsa ba daɗi. Tabarmar da muke tsoro ta fara zama wurinsa.

Mai gidan da muke haya wata tsohuwa ce Bakanuwa, mijinta falken goro ne ya rasu ya bar mata kur ɗin. Haƙoranta sun ƙare sai 'yan kaɗan, bakinta kuwa bai rasa komai ba. Ita da Baba sun saba tsokanar juna, tana ce masa mahaucin ƙauye, yana ce mata 'yar birni mai rowa. A lokacin ta yi jinya ta tashi, abinci ya fita ranta. Wata safiya da rana ta leƙo bayan kwanaki ana ruwa, ta fito da sandarta ta tsaya a kansa. Ta ce ita kilishi take marmari, irin wanda ke narkewa a harshe, ba wannan fatar takalmin da yake yi yanzu ba. Baba ya ce wancan ya wuce. Ta ce ta ji labarin shirmen da yake yi, ta zuba masa ido ne ta ga iyakarsa.

"Kai mahauci, da kake addu'ar, alade ne a ranka ko mutum?"

Ya ce mutum.

"To Wanda kake roƙo bai san abin da ke ranka ba ne, sai ka faɗa masa da Italiyanci? Wani dai ya ƙera wuƙar, ko? Addu'ar ta kai masa. Tashi ka ba ni abinci."

Ta juya ta aiki jikarta kasuwa ta sayo cinya, ba ta jira amsarsa ba. Ni ina gidan ranar, na kawo wa Inna yara. Naman ya zo aka ajiye a kan katako, Baba yana zaune bai motsa ba, ƙudaje suka fara taruwa, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ji ƙuda a kan nama. Can ya ce da Inna ta miƙo masa abin da ke ƙarƙashin katifa. Ya wanke ta da kansa a bakin famfo, ya ja ta a dutse sama-sama, ya yi bisimilla a fili yadda na bayan bango za su ji.

Jan farko ya ɗan karkace. Na biyu ya daidaita. Daga nan sai na ga abin da na ɗauka ba zan sake gani ba, tsokar tana mirginawa, fallen yana tsawo, yana sauka daga katako zuwa cinyarsa. Fuskarsa na kallon sama, ba ya ko sunkuyawa. Matan kur suka bar tukwanensu, yaran nan masu waƙa suka matso kusa. Ni da nake ganin na san wannan aikin, ranar ce na ji tsoronsa.

Da ya kai ƙarshen tsokar ya ajiye wuƙar, ya kama fallen da hannu biyu ya miƙe tsaye. Ya ɗaga shi sama don ya duba shi a rana, amma bangon ɗakin girki ya fuskanta, ranar tana bayansa. Ba wanda ya yi motsi. Sai a lokacin na gane idon hagun ma ya tafi, a watannin nan da ya yi a zaune, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Na je na kama kafaɗunsa na juya shi a hankali har zafin ya sauka a fuskarsa. Hasken ya ratso naman ja wur, ina hango yatsunsa ta ciki.

"Haske na wucewa?" ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Yana wucewa, Baba. Ko'ina."

Ya gyaɗa kai, ya ce to a miƙo masa sauran naman.