Orville Tackett da Kulki Mai Ƙanshin Albasa

Shekara talatin da ɗaya Orville Tackett ya yi yana alƙalancin wasan besbol na makarantun sakandare a yankinmu, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da kulkin ƙarfe, ni kuma ina gefe ina rubuta maki. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin kulkin da ya shiga fili bai bi ta hannunsa ba. Zai duba hatimin hukuma, ya zura kulkin cikin zoben ƙarfe na awon kauri da yake yawo da shi a aljihu, ya shafa ko ya lotsa, sannan ya kara shi a kumatu kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Doka ta hana ɗumama kulki, domin ƙarfe in ya ɗau zafi ƙwallo kan tashi da ƙarfin tsiya, mai jifa kuwa yana tsaye gab da mai bugu.

Orville ya san haka da bakinsa. Yana ɗan shekara sha bakwai shi ne mai jifan makarantarmu, aka bugo masa ƙwallo ta ɗebe haƙoransa biyu na gaba. Tun daga ranar ya zama mai wa'azin kulki. A coci kulki, a wajen aski kulki, har a jana'izar surukinsa sai da ya sako zancen. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya yi ritaya ba tare da haramtaccen kulki ko ɗaya ya wuce shi ba.

Wasansa na ƙarshe ya faɗo ranar wata Asabar ta watan Maris, sanyi kamar ya tsinke yatsu. Matarsa Lurleen tana rumfarta ta bayan ragar da ke kare 'yan kallo, inda ta saba sayar da burodi da nama da soyayyar albasa. Maganar gaskiya, rabin 'yan kallo don albasarta suke zuwa.

Orville ya gama dube-dubensa aka fara wasa. A zagaye na huɗu mai bugun garinmu ya fito da kulki, sai muka ga alƙali ya cire abin kare fuska yana shinshine-shinshine.

"Kawo kulkin nan." Ya kara a kumatu, ya daka tsalle. "Koci Pruitt! Kulkinka zazzaɓi yake yi, ga shi yana ƙanshin albasa!"

Kocin garinmu ya ɗaga hannu sama. "Na rantse, ranka ya daɗe, ni ko shayina ban iya ɗumamawa ba."

"To wa ya gasa shi?"

Daga bayan raga Lurleen ta leƙo da cokali a hannu. "Ni ce, tsoho. Yaran nan hannunsu ya ƙage, shi ne na jingina musu shi jikin kasko. Wani abu ne?"

Orville ya juya wajenta.

"Lurleen, shekara talatin ina yi miki bayanin dokar nan a kan teburin cin abinci!"

"Au, wai da ni kake? Ai na ɗauka da kanka kake hira."

Wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "Kore ta mana in ka isa!" Kowa ya bushe da dariya, amma ni tausayinsa na ji. Ya dubi matarsa, ya dubi mai jifan ƙungiyar baƙi, wani siririn saurayi mai cikakkun haƙora. Sai ya wulwula hannu ya nuna ƙofa.

"Uwargida, fita daga filin nan!"

Lurleen ta ajiye cokalinta. Ta karɓi kulkin ta tsoma shi cikin bokitin ƙanƙarar lemo, ta tura keken sayar da abincinta ta fice zuwa bakin titi. Mutane kuwa suka bi albasa. Haka Orville ya ƙarasa wasansa na ƙarshe gaban mutum tara da kare ɗaya.

Da yamma ya roƙe ni in raka shi gida, wai ko da shaida za a buƙata. Muka tarar da abincinsa a kan tebur, ya yi sanyi ƙalau, Lurleen kuwa ta juya mana baya tana wanke kasko. Kusa da farantin akwai wani tsohon gwangwanin alewa. Ya buɗe, sai ga haƙora biyu a cikin auduga.

"Ni na tsince su a fili ranar da ƙwallo ta ɗebe su," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Ka ci abincinka. Ba zan ɗumama ba, doka ta hana."

Orville ya zauna ya cinye tas, yana ci yana share ido da hularsa.