Talabijin Goma Sha Biyun da Yaya Habu Ya Zaɓa

Da daminar bana shekara ashirin da shida ke nan da muka binne yayana Habu a Guangzhou, can ƙasar Sin, mu tara kacal a bayan liman. Ya rasu yana da arba'in da ɗaya. Yau na girmi yayana da shekara goma sha takwas, kuma har yanzu idan na tuna shi ji nake kamar zai leƙo ya yi mini faɗa. Na sha ɗaukar alƙalami don in rubuta wani abu a kansa a wannan shafi, ina ajiyewa, domin ba yadda zan ba da labarinsa ban tona nawa ba.

Habu makanikin rediyo da talabijin ne a Fagge. Shagonsa bai fi tabarma biyu ba, amma har daga Gumel ana kawo masa gyara. A ƙarshen shekarun casa'in wasu fataken Kano da suka fara sayo kayan lantarki daga Sin suka ɗauke shi, ya zauna a can yana duba musu kaya kafin a loda, don kada a cusa musu matacce. Ni kuwa tufafi nake sarowa a kasuwar Baima, ina zuwa sau biyu a shekara, in sauka a ɗakinsa a unguwar Xiaobei.

Shi ya ba ni labarin yadda abin ya fara. Wata rana yana tafe a gefen titin Huanshi, sai ya ga wani ɗan gwangwan ya sauke talabijin daga kekensa mai ƙafa uku, ya ɗaga guduma. Irin na farkon fitowar mai kala ne, jikinsa na katako, da maɓallin da ake murɗawa yana ƙas-ƙas. A lokacin mutanen birnin sun samu wadata, kowa na sayen sabo babba yana fitar da tsohon waje, 'yan gwangwan kuma jar wayar ciki kawai suke so. Habu ya riƙe hannun mutumin. Ba ya jin yarensa, shi ma ba ya jin nasa, da yatsu suka daidaita. Ya ɗauko shi a ka har ɗaki, ya jona, sai ga hoto tangaram.

"Nasiru, lafiyarsa ƙalau," haka ya ce mini. "Ko tari ba ya yi. Kashe shi za su yi da ransa."

Na yi dariya a ranar. Zuwana na gaba ban yi ba, don na tarar ya kama wani ɗaki a ƙasan gidan wata tsohuwa, cikin wani lungu da ko keke da ƙyar yake shiga, ya jera tsofaffin talabijin har rufi. Tsohuwar Lawban muke kiranta, wato shugaba, kamar yadda ake kiran kowane mai shago a can. 'Yan gwangwan ɗin unguwar duk sun san shi. Idan sun hango shi tun daga nesa suke ɗaga hannu, ko su nuna masa kaya ko su ce "meyo", babu. Abincinsa ya koma shayi da burodi, don duk kuɗinsa a kansu yake ƙarewa. Ya ce akwai gidaje a Kano da irin waɗannan ke ajiye an lulluɓe su da zane saboda an rasa ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce sababbin da yake duba wa fatake an yi su ne don a jefar, waɗannan kuwa an yi su ne don a buɗe a gyara, kuma duk wanda ya koyi aiki a cikinsu ya koyi aiki. So yake ya kai su gida ya buɗe wurin koyarwa. Na ce masa wa zai sayi tsohon talabijin daga Sin alhali ga sabo? Ya dube ni kamar na zagi mahaifinmu.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. A falona akwai talabijin manne da bango, siriri kamar allo. Shi ne na uku cikin shekara bakwai. Na farkon da ya mutu na kai wa mai gyara, bai ma kunce shi ba ya ce in sayi wani. Jikokina kuwa ko kallonsa ba sa yi, kowa ya duƙufa a kan waya. Wani lokaci ina ganin Habu zai yi murna da kyan hoton, don mutum ne mai son abu mai kyau. Wani lokaci kuma ina ganin zai juya shi ya nemi inda ake sa sukuddireba, ya rasa, ya fita daga ɗakin.

Zuwana na ƙarshe ba don Baima na je ba. Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya dawo daga can ya biyo ta gidanmu ya gaya wa Inna, mahaifiyarmu, cewa ɗanta ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya hawa bene sai ya huta sau uku. Inna ta kira ni ta ce, "Ka je ka taho mini da shi. Kada ka dawo kai kaɗai."

Na same shi zaune a ƙofar ɗakin ajiyar, ya rame, wuyansa kamar na tsoho, ƙafafun kuwa ba sa shiga takalmi. Likita ya gaya masa zuciyarsa ce, ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. Bai bari na gama gaisuwa ba ya nuna mini bango. An zana wani jan harafi a cikin da'ira, fentin ma bai gama bushewa ba. Haka aka yi wa duk gidajen lungun. Rushe unguwar za a yi. Lawban ta buɗe yatsunta goma ta nuna mana, tana hawaye, don ita ma gidan da ta tsufa a ciki ne: kwana goma.

Talabijin arba'in da ɗaya ne a ɗakin. Na ce, "Yaya, ga tikitinka a aljihuna. Ka bar su mu tafi." Ya ce ko da igiya zan ɗaure shi ba zai hau jirgi ya bar su ga guduma ba.

Kwana shida muka yi muna hawa da sauka a benen Tianxiu, inda ofisoshin masu tura kaya suke. Ba ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba. Wannan ya ce nauyi ya yi yawa, wancan ya ce gilashi ne zai fashe ya ɓata kayan mutane, wani ya ce kwastan za su ɗauke su a matsayin shara su riƙe kwantenar gaba ɗaya. Wasu ko zama ba su ce mu yi ba. Na ga yayana, mutumin da a Fagge ake layi a ƙofarsa, yana jingine da bango yana haki, yana roƙon yaran da ya girme su da hannu biyu. Na ji ana cewa a bayanmu, "Ga mahaukacin talabijin nan." Ya ji shi ma. Ni kunya nake ji, har nakan ja baya kaɗan don kada a ce tare muke. Wannan na cikin abubuwan da har yau ban yafe wa kaina ba.

A rana ta bakwai wani dattijo, Alhaji Fusaini, mutumin zangon Kumasi, ya saurare mu har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon ƙafafun Habu kafin ya yi magana da irin Hausarsu ta Gana. Ya ce yana da kwantena da za a rufe jibi, akwai ɗan gurbi a baya, amma goma sha biyu kawai zai ɗauka, kuma sai an naɗe su da kyau. "Ba don talabijin na yi ba," ya ce, "don ka yarda ka tafi gida ne."

Washegari tun bayan asuba Habu ya shiga zaɓe. Ban taɓa ganin abu mai ciwo irin wannan ba. Ya jona wannan ya kashe, ya shafa wancan, ya sa in fitar da shi ƙofa, can ya ce in mayar in ɗauko na bayansa. Kowanne ya san lungun da ya tsinto shi da abin da ke damunsa. Har azahar bakwai kawai ya iya warewa. Na rasa haƙuri na daka masa tsawa, karo na farko a rayuwata, na ce Inna na can ba ta barci shi yana nan yana shafa katako. Ya nuna biyar da yatsa ba tare da ya dube su ba, ya juya fuskarsa bango.

Na kwance dilolin rigunan da na saya don kada in koma hannu wofi, muka naɗe su da su. Ranar lodi aka wayi gari da ruwan sama irin na can, wanda ba ya tsagaitawa. Mota ba ta shiga lungun, sai a bakin titi ta tsaya, tafiyar da ta kai daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa sau biyu. Ni da wasu 'yan Nijar biyu muka riƙa ɗauka, ruwa har ƙauri. Na zaunar da Habu a kujerar Lawban na ce kada ya motsa. Ina dawowa ɗauko na goma sai na hango shi a tsakiyar lungu, ya rungumo ɗaya a ƙirji, ya tuɓe rigarsa ya rufe shi da ita. Kafin in kai gare shi ya durƙusa. Bai saki ba. A hankali ya dire shi a kan wani dakali inda ruwa bai kai ba, sannan ya kife.

Kwana uku ya yi a asibiti. A rana ta biyu wa'adin ya cika, Lawban ta aiko a kira ni, don dole ta miƙa ɗakin babu komai a ciki. Ni da hannuna na buɗe wa 'yan gwangwan ƙofa. Ashirin da tara. Ban san cewa kwalbar talabijin idan aka fasa ta ƙara take yi kamar an buga bindiga ba sai ranar. Na tsaya na ji uku, na toshe kunnuwana na gudu. Tsohuwar ta riƙe guda ɗaya ƙarami ta hana a taɓa, ta ɗora a kan kayanta. Ban san inda ta kai shi ba, ban kuma sake ganinta ba.

Da na koma asibiti ya buɗe ido ya ce, "Sauran fa?"

Na ce, "Alhaji Fusaini ya samo wani gurbin. Duka sun shiga."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba, Nasiru." Ya kama hannuna ya riƙe. "Ba komai. Ka gaida Inna."

Washegari da hantsi ya cika. Na koma Kano ni kaɗai, da tikiti biyu. Inna ba ta taɓa yi mini maganar ba har ta koma ga Allah, kuma da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kayan sun sauka a Gana bayan watanni, suka biyo mota ta Nijar. Bakwai suka iso da rai. Inna ta sa aka jera su a ɗakin soro ta kulle, ta ce ba mai sayarwa, ba mai taɓawa. Bayan rasuwarta muka buɗe, muka tarar rufin ya daɗe yana yoyo, gara ta cinye katakon huɗu, ɗaya ya tsage. Biyu suka rage. Wurin koyarwar ba a taɓa buɗe shi ba. Idan lissafin duniya za a bi, yayana ya ba da ransa a kan akwatuna biyu da ba mai so ko kyauta. Na yi shekaru ina jin haushinsa a kan haka, ina jin haushin kaina da ban ɗauke shi da ƙarfi na sa a jirgi ba. Har yanzu ban san wanne ne daidai ba.

Habu ya bar 'ya ɗaya, Asma'u, tana goye lokacin da ya tafi. Yanzu malamar asibiti ce, da 'ya'yanta biyu. Ba ta san muryarsa ba, hotonsa ma guda ɗaya ne a gidan. Bara ta zo ta ce, "Baffa, ina son in ga ko suna kamawa." Muka share ɗaya muka jona da dikoda. Ya yi shiru har muka fid da rai, sannan gilashin ya fara haske daga tsakiya, launuka suka taso a hankali, ja da kore da shuɗi. Hoto ya fito sarai, amma babu magana, sai shuuu. Mijinta ya kunce murfin baya ko waya ce ta saki. A jikin katakon daga ciki muka ga 'yar takarda manne, ta yi ja don tsufa, da rubutun biro:

"Hoto ya yi. Muryarsu ba irin tamu ba ce, sai an sauya. Zan ƙarasa a gida."

Asma'u ta zauna a ƙasa ta karanta ya fi sau goma. Ranar ta fara ganin rubutun hannun ubanta. Da ta ɗago ta ce, "Baffa, a ƙarasa masa."

Shekara guda ke nan ina yawo da wannan talabijin a bayan mota. Na je Sabon Gari, na je Fagge, na je har Zariya. Matasan masu gyara suna leƙawa su yi dariya su ɗauki hoto da waya. Tsofaffin da suka san aikin, wani ya rasu, wani idonsa ya tafi, ɗaya na samu a Ƙofar Mata ya gane tsarin sautin Sin ne ya bambanta da namu tun kafin in gama bayani, amma hannunsa rawa yake, ba ya iya riƙe dalma. Abin da ya rage na Habu ke nan a duniya: 'yarsa, da layi biyu na rubutu, da aikin da saura kaɗan.

Idan a cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda hannunsa ya san cikin irin wannan akwati, ko ya san wanda ya sani, don Allah ya neme ni ta wajen edita. Ko ina yake zan kawo masa. Ni ma shekaru sun fara ja, kuma ba na so in je in tarar da yayana in sake yi masa ƙarya.

Allah Ya jiƙan Habu, Ya jiƙan Inna, Ya kyautata namu zuwan.