Magen Inna da Kwikwiyon Yaya

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa aka kashe magen mahaifiyarmu a tsakar gidanmu da rana tsaka, tsohuwar tana kwance a ɗaki tana ji. Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da wannan ba. Na san wani zai ce, duk a kan mage? To, ka bari ka ji tukuna.

Shekarar da soja suka koma bariki, aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, Yaya ya ci kansila. Kafin nan ba shi da aiki sai zaman majalisa da karatun jaridar aro. Ni kuwa facin taya nake yi wajen Ƙofar 'Yandaka tun da na bar makaranta a aji huɗu, kuma ni ke zaune da Inna a gidanmu na Ƙofar Kwaya. A lokacin idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Abin da ya rage mata carbi ne da rediyo da magenta, wata tsohuwar baƙa mai farin ƙirji, da 'ya'yanta biyu da suka girma. Ita tsohuwar a kan ƙafafun Inna take kwanciya, kuma Inna ba ta kai lomar tuwo baki sai ta gutsura mata. Takan ce, "Mussata ta fi ku zumunci, ita ba ta tafiya kasuwa ta bar ni."

Ran nan sai ga Yaya da kwali a hannu. Na leƙa, na ga kwikwiyo ja, ko yaye shi ba a gama ba. Wai wani babba a jam'iyyarsu ya ba shi, kuma gidan da yake ginawa bai ƙare ba.

Na ce, "Yaya, kare a gidan nan? Ga butoci da kwanuka a ƙasa, ga maguna, ga Inna?"

Ya ce, "Kai dai riƙe mini. Karen gadi ai ba a hana ba. Ni yanzu ba kamar da ba ne, ina da maƙiya."

Inna ta ji komai, ba ta tanka ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle ta tsawata masa. Sai da ya fita ta ce mini, "Wancan ya kawo muna baƙo ko? To, ka ware mashi kwano, kada ya sa baki a namu."

Ranar farko ba ta yi kyau ba. Ƙananan biyu suka haye katanga suna huci, uwarsu kuwa ta gantsare ta kai masa mari a hanci har jini ya fito. Na kife shi da kwandon kaji a kusurwar tsakar gida. Na ɗauko tsohon zanen Inna da magen ke kwanciya a kai na shimfiɗa masa, tsumman da ya kwanta a kai kuma na ajiye inda suke cin abinci, don kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Kullum ina matso da kwanukansu kaɗan kaɗan. Ba iyawa ba ce, dabarar wanda ba shi da mafita ce. Wata safiya bayan ruwa, yana ta kukan sanyi, sai na ga tsohuwar magen ta je ta kwanta jikin kwandon. Na ɗaga kwandon a hankali. Ta shinshine shi, ta shiga lasar kansa.

Tun daga nan ya ɗauke ta uwa. Ita ta koya masa cewa ɗakin Inna ba wurin shigarsa ba ne, in ya sa ƙafa a dokin ƙofa sai mari. Inna ba ta taɓa taɓa shi ba, amma kullum sai ta tambaya, "Marayan ya ci?"

Ya girma ya zama ƙato. Wata rana Yaya ya shigo da abokan siyasarsa zai nuna musu karensa, suka tarar da shi a miƙe, mage na barci a gadon bayansa. Ɗayansu ya kwashe da dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne mai gadin? Ai sai dai ya kama maka ɓera." Na ga yadda fuskar Yaya ta canza. Kashegari ya zo ya tafi da karen, ya ce za a kai shi wurin wani mafarauci ya hore shi. Wallahi har daɗi na ji, na ɗauka mun rabu lafiya.

Bayan 'yan kwanaki na dawo gida sallar azahar, na tarar an sa wa ƙofar zaure sakata ta ciki. Na leƙa ta tsagar ƙofa. An ɗaure magen da igiya a jikin turmi, Yaya da mafaraucin na tsaye a kanta. Ga karen, an yanke masa kunnuwa, haƙarƙarinsa duk a waje don yunwa. Ashe mafaraucin ya ce wa Yaya karen da ya tashi da mage zuciyarsa ta mutu, ba ta farfaɗowa sai ya ɗanɗani jinin wadda ta rene shi. Da idona na ga karen nan yana jan ciki zuwa wurinta yana kaɗa wutsiya. Mutumin ya zuba masa dorina, ya sake tura shi, ya sake dukansa. Ina dukan ƙofa ina ihu, ba wanda ya waiwayo. Daga ɗaki kuma muryar Inna na fitowa, "Ku bari mana. Wane ne nan? Ku bari don Allah." Ta san ko wane ne sarai. Ko a wannan hali kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba.

Kafin in ɓalle ƙofar an gama. Yaya ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa ya ce, "Yauwa, yanzu ya zama kare." Da ya ga idona sai ya ƙara da cewa, "Mage ce fa. In kana so gobe a kawo goma."

Na kwance magen daga jikin turmin. Na haƙa rami a bayan gida na binne ta. Ƙananan biyu sun tsallake katanga a ranar, ba su ƙara dawowa ba. Da na shiga ɗaki Inna ta ce, "Ka rufe ta?" Na ce na rufe. Ta ce, "To, rufa mani ƙafa, sanyi nike ji." Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Sai dai in na kawo tuwo takan gutsura, ta miƙa hannu ƙasan gado, sannan ta mayar cikin kwano. Ba ta ga kaka ba. Ban ce shi ya kashe ta ba, ajali ne. Amma na san yadda ta ƙarasa kwanakinta.

Ranar sadakar bakwai zaure ya cika da manyan riguna. Na ji Yaya yana ce wa baƙinsa, "Alhamdu lillahi, tsohuwa ta tafi tana farin ciki da ni. Tun da nake ba ta taɓa ce mini kanzil ba." Na ajiye butar da ke hannuna na tsaya a gabansa.

Na ce, "Yaya, ba ta ce maka ba, amma ni ba kunyar ɗan fari a kaina. Karen nan ya fi ka, don shi sai da aka dake shi kafin ya ci amanar wadda ta rene shi. Kai dariyar mutum ɗaya ta ishe ka. Ka ji ta tana roƙo ka yi kamar ba ka ji ba. Abu ɗaya na koya a kanka, ka riƙe shi kai ma: shirun mai kunya ba yafiya ba ne. Ka je ka nemi taka a inda za ka same ta, ni dai ba ta bar mini saƙon ta yafe maka ba."