Hannun Mai Rijiya

Duk unguwa Mai Rijiya ake kiransa, har matarsa. Shekara talatin ya yi yana haƙa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, karatunsa kuma bai wuce abin da yake ji a masallaci bayan la'asar ba. Matar kan yi masa tsiya wai ya fi sanin cikin ƙasa a kan cikin gidansa.

Shekarar da faɗa ya ɓarke tsakaninsu da unguwar tsallaken titi, da rana tsaka aka shigo musu. Aka ƙone shaguna, aka sassari mutane a bakin kasuwa. Ƙaninsa tela a kan keken ɗinkinsa aka same shi, wuya ya kusa rabuwa da jiki, jini ya jiƙe yadin da yake ɗinkawa. Mai Rijiya ya binne shi, ya ɗauki adda ya shiga cikin masu tsaron unguwa. Kwana uku yana bakin shingen tayoyi. Wani da ya hauro masa da wuƙa, Mai Rijiya ya sare shi nan take.

Rana ta huɗu suka kori maharan, suka bi su har tsallake. Mazan can sun tsere, sai mata da yara da tsofaffi a kulle cikin ɗakuna. Jagoran masu tsaron, wani direban tifa da ake ce wa Guduma, ya sa aka jawo gawarwaki biyu da jarkar maganin ƙwari zuwa bakin rijiyar unguwar tsallaken.

"Baba, kai ka haƙa ta, kai ka san kan murfinta. Buɗe mana."

"Su wa ke shan ruwan nan?"

"Su mana!"

"Masu addunan sun gudu. Waɗanda suka rage ba su yaƙe mu ba. Addini ya yarda mu kare kanmu, amma ya hana mu taɓa mace da yaro da tsoho. Gawar ma ba a wulaƙanta ta."

"Wa'azi za ka yi mana? Ƙaninka fa ko kwana biyar bai yi a ƙasa ba!"

"Ni na sa shi a ramin, ba kai ba."

Ya ajiye addar, ya kwanta rub da ciki a kan murfin, ya ƙanƙame ƙarfen. Suka ja shi, ya ƙi saki. Suka rufe shi da gora, wani ya taka masa fuska har haƙora biyu suka zube. Da Guduma ya gaji, sai ya ɗaga adda ya sauke a wuyan hannunsa na dama. Jini ya yi tsartuwa ya wanke simintin. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya cakumi Guduma ya kayar, sauran suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Jarkar tana nan a rufe aka bar ta.

A asibiti aka ƙarasa cire hannun. Bai sake shiga rami ba. Ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da igiya da guga, matarsa na zuba masa ruwan alwala. Bayan an yi sulhu wasu daga tsallake sukan zo gaishe shi. Ya ba su tabarma, ya tambayi iyali, amma in sun ɗauko zancen ranar sai ya kawo wani. A unguwarsa kuwa akwai waɗanda suka daina amsa sallamarsa. Matar ƙanin nasa ma ba ta sake taka gidan ba sai bayan shekara tara, ranar da Mai Rijiya ya rasu.