Gado Mai Canji da Dogon Bayani

Gado ya yi shekara bakwai a Kumasi yana dakon goro, ya dawo Gaya ta Nijar da abu biyu: ciwon baya, da wani tsohon ƙamus na Ingilishi da ɓera ya cinye wa bango. Ciwon bayan dai ya warke. Ƙamus ɗin ne ya ƙi sakinsa.

Ya kafa teburin canji a bakin tashar Kamba, sefa a dama, naira a hagu. Gaskiya kam yana da ita. Illarsa guda, ba ya miƙo maka kuɗinka sai ya ba ka tarihinsu.

"Ɗiyata, kin ce canji. Kin san ba Hausa ba ce? Ta Ingilishi ce, su ma wurin Faransawa suka aro ta, wato ka ba da abu ka amshi madadinsa. Farashi ma tasu ce, firais suke cewa, kakanninmu suka ɗinka mata riga. Kobo kuwa daga sunan jan ƙarfe..."

"Baba, don Allah, motata za ta tashi!"

"To ta tashi mana, ita kaɗai ce mota?"

Ana haka wani Yakuba ya kafa nasa teburin daura da shi, mutumin da ko gaisuwa rabi yake amsawa. Kafin wata ya ƙare, matan garin Bengou masu sarin atamfa duk sun tsallaka can. Gado ya wuni yana korar ƙuda.

Matarsa Kaltuma ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Malam, tarihin kobo zan dafa mana? Ko ka rufe bakin nan, ko in faskara teburin in hura wuta."

Ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Kwana biyu yana cika baki da goro don kada magana ta fito. Rana ta uku wani bafatake ya ce ba shi da ko sisi, sai Gado ya tofar da goron ya riƙe masa hannun riga, sai ya ji tarihin sisi. Mutumin da ƙyar ya ƙwaci kansa.

Washegari Kaltuma ta yi sammako. Ta ɗora teburin a amalanke, Gado na biye yana salati, har filin da kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, ke jiran takardun duwan, wato kwastan. Direbobin Kano da Sakkwato na kwance ƙarƙashin motoci, wasu kwanansu huɗu, aljihu duk naira, mai tuwo kuwa sefa take so.

"Ga waɗanda ba su da inda za su," in ji ta. "Kashe su."

Ai kuwa suka same shi kamar rediyo. Su yi canji, su zauna, su ja shi da gardama, wani har shayi yake sayo masa don ya ƙara. Yanzu benci biyu gare shi, kuma ba sa isa.

Kaltuma ta ce ita ta fi kowa cin riba: cefane ya dawo, mai gidan kuma yana shigowa da murya a dushe, ko sannu sai da hannu.