Taku Talatin

Babanmu mai haƙar rijiya ne, kuma abu biyu ne ba a ja da shi a kansu: ƙafarsa da harshensa. Kafin ya dasa diga a gida sai ya tambayi inda masai yake, ya tsaya a bakinsa, ya yi taku talatin yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan firamare. Inda talatin ta cika, nan rijiya. In gidan bai kai ba, ya saɓa igiyarsa ya yi gaba, ko me za a ba shi. In ruwa ya ɓullo kuwa, shi ke fara kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido, sannan ya ce a sha. Shi ya sa ake ce masa Baba Talatin, har mu 'ya'yansa in ya ba da baya.

Mun zo birnin nan ne da gona ta daina riƙe mu, ina ƙarama. A lokacin unguwarmu ce ƙarshen gari, bayan katangar kowa ciyawa ce da awaki. Da diga ya ciyar da mu, ya aurar da mu, ya tsufa. Garin kuwa kumbura kawai yake yi. Filin da aka yanka don gida ɗaya sai ka wayi gari an tsaga shi huɗu, kowane tsagi ɗaki takwas, kowane ɗaki mutum shida da komatsansu.

A irin wannan gidan nake haya da mijina, direban motar haya, da 'yarmu mai shekara huɗu. Akwai famfo a tsakar gida, amma tun da muka tare bai taɓa ko ɗigo ba, shanyar tsumma muke yi a kansa. Wata rana Baba ya gamu da ni ɗauke da jarka daga layi na uku, ransa ya ɓaci. Ya nemi izinin mai gidan, ya yi takunsa daga masanmu zuwa kusurwar gabas, talatin cif, dab da katanga. Ga ciwon gwiwa, ga ciwon baya, amma sati uku ya yi a cikin rami. Ranar da ruwa ya ɓullo ya kurɓa, ya lumshe ido, ya miƙa wa jikarsa kofi.

"Uwargida, ga naki," in ji shi. "Kada in ƙara jin kin ce ban taɓa ba ki komai ba."

"Tsoho, ai ba sukari," ta ce, gidan ya kwashe da dariya.

Shekara ɗaya da rabi muka yi muna shan ruwan nan muna sa masa albarka. A bayan katangar gabas kuma ana ta gini. Muna jin sauke bulo, muna jin hayaniyar sababbin 'yan haya, babu wanda ya leƙa. Wa ke da lokacin leƙa ginin wani?

Da damina ta kankama, amai da gudawa ya shigo mana. Ya fara da matar tela ta ɗakin bakin ƙofa, ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, rana ta uku ya kama 'yata. Kafin azahar idanunta sun faɗa, ko kuka ba ta iyawa. A asibitin unguwa babu gado, a kan benci aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ni na riƙe ledar a sama da hannuna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba.

Malamar asibitin ta tambayi ruwan da muke sha. Baba yana tsaye a kaina, shi ya amsa.

"Rijiyata ce, 'yata. Taku talatin, da ƙafata na auna. Na kuma ɗanɗana."

"Baba, wannan cutar ba ta da ɗanɗano," ta ce, ba ta ma ɗago daga allurar ba. "Talatin ɗin ta wane ɓangare? Bayan katanga fa?"

 Duk rayuwarsa daga masan cikin gida yake ƙirgawa, domin inda ya koyi sana'ar, abin da ke bayan katanga gona ce. Ya juya ya fita. Daga baya maƙwabciyata ta ba ni labari: ya zaga ta lungu, ya yi sallama a sabon gidan, ya tarar da masai huɗu a jere, manne da katangarmu. Ya tsaya a bakin na farko ya fara ƙirgawa. A taku na biyu katanga ta tare shi, rijiyarsa tana bayanta.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da shi. Da ya dawo asibitin na ce, "Baba, ƙirgarka ta kusa kashe min 'ya." Ya gyara wa yarinyar zani a ƙafa. Har yau maganar nan tana ci min rai.

Kwana biyu ya yi yana cike rijiyar da shebur, shi kaɗai, 'yan haya na masifar ina za su sami ruwa. Matar tela ba ta dawo daga asibiti ba. 'Yata aka sallamo ta rana ta biyar, ta rame kamar ba ita ba.

Mijina ya tsayar da mai kurar ruwa a ƙofa, aka sauke mana jarka biyu. Baba ya tsiyaya a kofi, sabo ya sa ya kai bakinsa, sai ya dakata.

"Malam, daga ina kake ɗebowa?"

"Rijiyar bayan gareji, Baba," in ji mai kurar. "Ai taka ce. Shi ya sa mutane ba sa shakkar ruwana."

Na ga fuskar Baba ta canza. Shekara ashirin ke nan da ya haƙa ta a tsakiyar fili, ba kowa sai awaki. Yanzu ko kura da ƙyar take shiga lungun saboda gidaje.

'Yata na kwance a tabarma, leɓɓanta a bushe, ta miƙo hannu.

"Tsoho, ruwa."

"Uwargida, yi haƙuri," ya ce. "Sai an tafasa."

Na tashi neman gawayi. Ta fara kuka tana kiransa, shi kuwa yana tsaye da kofin a ƙirjinsa, ya ƙi ba ta.